Tsohon Ruwa a Sabuwar Magudana

Ibidun Fasanmi ta fara aiki a kamfaninmu da farkon damina, aka ba ta tebur a kusurwar ɗakinmu, daidai inda rufi yake yoyo. Ni sunana Bolatito, ni ce shugabar masu amsa waya a Ona Ire, kamfanin da ke ɗaukar ƙunshin kayan mutane a motoci daga Ibadan zuwa Oshogbo da Ilorin da Akure da Legas. Babu ɗakin da ya rage a gininmu na Iwo Road, shi ya sa aka cusa injiniyar kwamfuta a tsakiyar matan da ke wuni suna ba mutane haƙuri a waya. Ranar farko ta jawo bokiti ta tara wa yoyon, ta buɗe kwamfutarta.

Mai kamfanin, Cif Adegoroye, ya tsufa ya bar wa ɗansa Akinkunmi ragama. Shi kuwa Oga Akin bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, kuma komai na wurin haushi yake ba shi. Yadda muka saba shi ne, akawun kowace tasha ya rubuta kaya a kwamfuta, bayanin ya tafi babban rumbun bayanai da ke hedkwata, mu kuma mu riƙa leƙawa muna kiran masu kaya ɗaya bayan ɗaya. Oga Akin ya ce wannan aikin mutanen da ne. So yake da zarar akawun Ilorin ya danna cewa kaya sun iso, saƙon tes ya shiga wayar mai kayan tun direba bai kashe mota ba.

Aikin da aka ɗauko Ibidun ta yi shi ne ta haƙa wa rumbun magudana. Yadda ta yi mini bayani, duk abin da ya canza a cikin rumbun, ko an shigar da sabon kaya, ko an ce sun iso, ko an ce an karɓa, za a kwafe shi ya zama ɗan gajeren saƙo ya faɗa magudanar. Daga nan duk mai buƙata, mai aika tes ne ko manhajar direbobi, sai ya jona bututunsa ya ɗiba, babu mai sake taɓa rumbun. Ta ce ta taɓa yin irinsa a Legas, kuma in an ba ta abin da take buƙata ba zai ɗauki lokaci ba.

Ba a ba ta ba. Rumbun yana hannun Baba Oyelakin, wanda ya gina shi tun kamfanin yana da motoci biyu, yake kuma kula da shi kamar 'yar da bai shirya aurarwa ba. Abin da Ibidun take so kalmar sirri ce da za ta ba ta damar bin sawun canje-canjen da rumbun yake ajiyewa da kansa. Kullum da safe sai ta je ofishinsa ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida, ya ce ta je ta samo izinin Oga Akin. Ta je wurin Oga Akin, ya ce wane irin izini kuma, ai shi ya ɗauko ta, ta koma ta gaya wa Baba in ji shi. Ta koma, Baba ya ce to ya ji, amma ya fi so ya ji daga bakin Ogan. Haka suka yi ta cilla ta tsakaninsu.

Wata rana ta yi ta maza ta ce masa lokaci yana ƙurewa. Ya kalle ta ta saman tabarau ya ce, "'Yata, rumbun nan ya girmi takardar digirinki. Bai taɓa faɗuwa a hannuna ba, kuma ba a kanki zai fara ba."

Da ya gaji da ganinta a bakin ƙofa sai ya ba ta wata kalmar. Ta yi kwanaki tana aiki da ita kafin ta gane tsohon kwafi ne ya buɗe mata, wanda rabon da a taɓa shi tun bara. Ta gaskiyar ba ta shigo hannunta ba sai ranar da Oga Akin ya yi mata faɗa a gaban taro, ya ce an gaya masa tana da sauri amma shi bai gani ba. Baba Oyelakin yana zaune a wurin. Da la'asar ya aiko mata da kalmar a rubuce a bayan takardar biskit.

Mun ɗauka an gama da mai wuyar, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da ta shiga rumbun sai ta tarar da abin da akawunanmu suka daɗe suna zubawa. A gurbin lambar waya wani ya rubuta "ƙanin direba", wani ya rubuta "mai jar hula, kun san shi". Oshogbo kaɗai an rubuta ta iri-iri har ta daina ƙirgawa. Akawun Akure, don kada ya wahalar da kansa, yakan zuba kayan wuni guda a ƙarƙashin lamba ɗaya. Kowane irin wannan ya zo bakin magudanar gwajinta sai ya toshe ta, komai ya tsaya cak, sai ta nemo shi ta koya wa na'urar yadda za ta yi da shi. Tana gyara ɗaya wani yana jiran layi.

Ga wuta. In an ɗauke, janareta kuma ya yi gardama, magudanar takan tsaya, rumbun kuma ya ci gaba da tara sawun canje-canje yana jiran ta dawo, har ma'ajiyarsa ta kusa cika. A irin wannan lokacin Baba Oyelakin yakan shigo ɗakinmu ya tsaya a bayanta, hannuwansa a goye. Ni da ba nawa aikin ba sai in ji wuyana ya yi nauyi. Sannan wata safiya ta zo ta tarar komai ya wargaje, ta wuni tana nema, sai can ta gano Oga Akin ne ya sa aka canza sunan wani gurbi a rumbun saboda tsohon sunan bai yi masa daɗi ba, kuma babu wanda ya ga dalilin gaya mata.

Amalar da nake sayo mata a bukar Iya Modina mai sayar da abinci sau da yawa sai ta sandare a leda kafin ta tuna da ita. Ba mai yawan magana ba ce. In abu ya ishe ta takan cire tabarau ta murza idanu, ta ce da ni, "Anti Tito, da sayar da barkono na koya da yanzu na huta."

Ana cikin haka Oga Akin ya kawo abokinsa Ladipo daga Legas, ya ba shi kwangilar ɓangaren aika tes. Ladipo mutum ne mai turare da dariya, kowa nasa ne, yana kiran Ibidun Madam Injiniya da wata irin murya da ba ka iya cewa girmamawa ce ko zolaya. Nasa aikin mai sauƙi ne: ya jona bututunsa a magudanar, duk saƙon da ya ce kaya sun iso, ya tura wa mai kayan tes.

Ibidun ta yi musu bayani a taro, ina wurin. Ta ce ranar da za a buɗe magudanar ta gaske, abin da zai fara kwarara shi ne duk tsofaffin bayanan da ke rumbun, na shekara da shekaru, domin sai an kwashe na da kafin a kamo na yau. Ta ce kamar famfon da ya daɗe a rufe ne, ruwan farko ba na sha ba ne. Saboda haka kada kowa ya jona komai sai ta ce tsohon ya gama wucewa. Ladipo ya ce ai wannan ko ɗan koyo ya sani. Oga Akin yana duba wayarsa, ya ce shi dai abin da ya sani, ranar Juma'a wasu masu son zuba jari za su zo daga Legas, kuma yana so su ga abin yana aiki da idonsu.

Ranar Alhamis da safe ta buɗe. Na zo na tsaya a bayanta muna kallon lambobi suna hawa a allo, babu toshewa, babu jan rubutu. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ta ce a yadda yake tafiya, kafin gobe da hantsi tsohon zai ƙare. Da rana ta yi na ce yau kam ba za ta ci sandararriyar amala ba, na ja ta muka tafi bukar da ƙafarmu.

Mun wanke hannu ke nan wayata ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin yaran teburina ce, ta ce in dawo, duk layukan sun kama da wuta, mutane suna ta kira wai an turo musu tes su zo su karɓi kaya. Ibidun ta ji abin da aka faɗa. Ta miƙe da jiƙaƙƙen hannu, ba ta ko waiwayi kwanon ba.

Abin da ya faru shi ne, Oga Akin ya matsu ya ga tes ta shiga waya kafin baƙinsa su zo, sai ya ce wa Ladipo ya jona su gwada. Ladipo ya jona, ya ga saƙo yana fita, ya yi wa Oga barka, ya shiga motarsa ya kama hanyar Legas. Na'urarsa kuwa ba ta san tsoho da sabo ba. Duk inda ta ga an ce kaya sun iso sai ta aika: kayanka daga wane sun iso tashar Ona Ire, zo da katin shaida ka karɓa. Kayan da aka karɓa tun wasu yaran tashar suna firamare.

Ibidun ba ta da mabuɗin ɓangaren Ladipo. Ta kira shi, waya a kashe. Ta hau sama wurin Oga Akin, aka ce ya fita duba otal ɗin da baƙi za su sauka. Abu ɗaya ya rage mata, ta rufe tata magudanar, wanda ke nufin duk abin da ya kwarara tun safe ya tafi a banza, sai an sake daga farko. Ta sauko ta koma teburinta. Sannan ta rufe. Amma dubban saƙonni sun riga sun fita.

Kafin la'asar harabar tasha ta cika. Wani makanike ya zo karɓar injin firji, da aka nuna masa kwanan watan ya tuna shi da kansa ya karɓa, har firjin ya mutu an sayar wa 'yan gwangwan. Wata mata ta zo a fusace tana zaton tsohon mijinta ne ya fara neman sulhu da kyauta, ta zo ne ta mayar masa. Wasu sun yi dariya sun tafi. Da yawa ba su yi ba, domin sun rufe shago sun hau mota daga nesa. Akawun Ilorin ya kira ni daga cikin banɗaki, ya ce ya kulle kansa kuma ba zai fito ba sai an turo 'yan sanda. Muryata ta dushe da ba da haƙuri. Ibidun ta bar kwamfutarta ta fito tana taya mu yi wa mutane bayani, wani ya ce mata in ba ta iya aiki ba ta koma gida ta yi aure.

Akwai wata tsohuwa da ta zauna a benci tun da rana, ba ta shiga turmutsutsun ba. Ta sha zani da ɗankwali na zuwa biki, ta riƙe wayarta da hannu biyu. Sai da mutane suka ragu ta taso ta zo tebur ɗina, ta ce sunanta Iya Mufutau, kayan miya take sayarwa a kasuwar Oje, ta zo karɓar saƙon ɗanta. Tana magana fuskarta tana haske. Ba tare da na tambaya ba ta ce Mufutau ya tafi neman arziki ta hanyar hamada da niyyar tsallaka teku, kuma tun kiran da ya yi mata daga wani gari a kan hanya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekaru ke nan. Yau maƙwabciyarta a kasuwa ta karanta mata tes, ga sunansa ɓaro-ɓaro.

Na duba lambar a kwamfuta, na ga kwanan watan, na kasa ɗaga kai. Ibidun tana tsaye a gefena, ta gani ita ma. Ta zagayo ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Mama, ki yi haƙuri. Saƙon nan tsoho ne. Kayan da ya aiko miki ne daga Legas tun kafin ya tafi, kuma kin riga kin karɓa."

Tsohuwar ta dubi wayar, ta dubi Ibidun. "To yau ba shi ya aiko ba?"

"Ba shi ba ne, Mama. Na'urarmu ce ta maimaita."

"Na'urar ta san shi ne?"

"Ta ajiye sunansa ne tun wancan lokacin."

Tsohuwar ta sake duban wayar. Can ta ce ta tuna, tukunyar dafa shinkafa ce ta lantarki, tana nan a kwalinta, domin unguwarsu wuta ba ta zama. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage mu ba, da ma ta zage mu ɗin. Ta ce da aka karanta mata saƙon ta rufe rumfarta, matan layinsu suka yi ta guɗa, wata ta ara mata wannan ɗankwalin, wata ta ce in ta dawo a yi sadaka.

Ta ce, "'Yata, yanzu me zan je in gaya musu?"

Ibidun ta miƙe. Ta kama hannun tsohuwar ta raka ta har bakin titi, ta tsaya sai da ta ga ta shiga mota. Da ta dawo ta zauna a teburinta ta zuba wa allo ido har muka tashi, ba ta taɓa komai ba.

Washegari aka ce wa baƙin su ɗaga zuwansu, aka kira taro. Oga Akin ya buɗe da cewa magudanar ta jawo wa kamfani abin kunya. Ladipo, wanda ya dawo da sassafe, ya ce shi babu wanda ya gaya masa takamaiman lokacin da tsohon bayani zai ƙare. Ibidun ta tuna musu abin da ta faɗa a wannan ɗakin, a kan waɗannan kujerun, ta ce Anti Tito shaida ce. Na ce haka ne. Oga Akin ya ce yanzu ba lokacin nuna wa juna yatsa ba ne. Bai rufe baki ba ya juya gare ta ya ce injiniyar da ta san aikinta za ta gina abin ta yadda ko mutum ya so ya jona kafin lokaci ba zai iya ba.

Wannan maganar ita ta fi ci mata rai, domin daga baya ta gaya mini akwai gaskiya a cikinta. Da ta sa wa magudanar makulli da haka ba ta faru ba. Ta ce ba ta sa ba ne saboda lokacin da za ta yi hakan ya ƙare a zaryar ofishin Baba da gyaran shirmen akawu, kuma ta ɗauka manya uku a ɗaki ɗaya za su iya riƙe magana guda.

Ta roƙi abu ɗaya a taron, a aika wa duk waɗanda tes ɗin ta je musu saƙon ban haƙuri. Oga Akin ya ce lauyan Cif ya ba da shawara kada a rubuta komai, kuma tuna wa mutane abin da suka fara mantawa ba dabara ba ce. Aka tashi a haka. Da Ibidun ta koma teburinta ta tarar Baba Oyelakin ya canza kalmar sirri.

Sai ta sake daga farko. Ta koma gaisuwar safe a ofishin Baba, ta durƙusa, ya tambayi mutanen gida. Wannan karon da ta samu shiga ta yi wa kowane tsohon bayani alama, ta raba masa hanya dabam, ta sa makullin da babu mai jonawa sai da izininta. Ladipo ya kai ƙara cewa tana hana shi aiki, aka kira ta aka ce ta riƙa haɗa kai da abokan aiki. Ta ce to.

Magudanar ta fara aiki sosai bayan ruwa ya ɗauke. Ba a yi wani biki ba. Wata Talata kawai muka lura wayoyinmu sun yi shiru, mutane suna zuwa karɓar kaya ba tare da mun kira su ba. Masu zuba jarin suka zo daga baya, Oga Akin da Ladipo suka zagaya da su, aka nuna musu allo, suka gyaɗa kai. Da suka leƙo ɗakinmu aka gabatar da ita a matsayin ɗaya daga cikin ma'aikatan fasaha.

Da wa'adin kwangilarta ya cika ba a sabunta ba. Oga Akin ya ce tun da an gama ginawa, kula da abin ba ya buƙatar mutum na musamman, kamfanin Ladipo zai haɗa da nasa. A watan ne kuma aka sallami rabin yaran teburina, tun da kiran mutane ya ragu. Ni na gaya musu da bakina.

Ibidun tana unguwar Bodija yanzu, tana yi wa wani kamfanin waje aiki daga ɗakinta. Nakan je wurinta wasu ranakun Lahadi bayan coci. Takan tambaye ni yaran da aka sallama, ko sun samu wani wurin. Biyu sun samu. Maganar magudanar kuwa ba ta ɗagowa, ni ma ba na kawo mata, ko da yake kwanan nan saƙonninmu sun fara makara, kuma babu wanda ya san dalili.